Hanyoyin keke a ƙasar Garagumsa, inda mota ba ta bi

Duk matafiyin da ya taso daga Tasawa cikin mota, ya nufi birnin Damagaram bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, ba makawa sai ya ratsa Takeita. Nan ne mazaunin ƙaramar hukumar Garagumsa, nan ne kuma hanyar kudu ta rabu da babbar hanya, ta yi Kance da Matamaye har iyakar Nijeriya. Tun shekarar 2011 garin ya zama cibiyar gunduma mai zaman kanta, wadda aka yanko daga Mirya, ta haɗa Garagumsa da Tirmini da Dakusa. Galibin fasinja ba su san Takeita ba sai ta tagar mota: a tsaya, a sayi ƙosai ko tsire, a sha ruwa, direba ya danna oda, a wuce. Daga nan zuwa Damagaram wajen kilomita 50 ne, tafiyar da ba ta cika awa guda ba idan hanya ta yi kyau.

Amma bayan gidajen bakin kwalta akwai waɗansu hanyoyi da fasinja ba ya gani. Siraran turbobi ne da sawun mutum da kofaton jaki suka fitar tun kaka da kakanni, suka bi tsakanin gonaki, suka kewaye tuddai, suka kutsa cikin daji, suka sada ƙauye da rijiya, rijiya da kasuwa. Ba hukuma ce ta shata su ba, ba su da allo, ba su da lamba. Faɗin waɗansunsu bai wuce kamu biyu ba, saboda haka mota ba ta da wurin sa ƙafa. Abin hawa mai taya da ya fi dacewa da su tun da daɗewa shi ne keke, wanda Hausawa ke yi wa kirari da dokin ƙarfe. A ƙasashen Turai, irin waɗannan hanyoyi da babu mota a kansu sai an kashe kuɗi masu yawa kafin a same su, mutane kuma su yi takakka daga nesa domin su hau keke a kai. A Garagumsa ga su nan shimfiɗe, kyauta, kuma kowace damina sai sun ƙara tsukewa.

Abin da ke korar mai keke daga kwalta

Kafin a yi batun daɗin turba, ya kamata a faɗi dalilin da ya sa mai keke yake gudun babbar hanya, alhali ita ce ta fi santsi, ta fi kusa. Hanyar nan ita ce jijiyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram da Difa. Manyan motocin kaya da bas-bas na safara suna bin ta dare da rana, sa'an nan tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram cikin watan Nuwamba 2011, motocin dakon mai suka ƙaru a kanta. Idan kamiyo biyu suka yi kiciɓis, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, babu sauran wuri ga mai keke sai ya faɗa gefen hanya, inda kwalta ta gutsure ta bar rami. Iskar babbar mota kaɗai ta isa ta kayar da yaro, balle wanda ya ɗauro buhun hatsi a baya. Da dare kuwa abin ya fi muni, domin keken ƙauye da wuya a same shi da fitila.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta, cikin rahotonta na 2023, cewa mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Nahiyar Afirka, wadda ta fi kowace ƙarancin motoci, ita ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka gwada da adadin jama'arta. Manomin Garagumsa bai karanta rahoton nan ba, amma ya san abin da ke cikinsa. Shi ya sa idan zai aiki ɗansa kasuwa, yakan ce masa ya bi ta ciki, ko da za ta fi nisa. Hanyar lafiya, in ji masu magana, a bi ta da shekara.

Ƙasa iri uku ƙarƙashin taya

Wanda bai san yankin ba yana tsammanin ƙasar Damagaram duk shimfiɗaɗɗen rairayi ce. Ba haka ba ne. Tsakanin Takeita da Tirmini akwai tuddai masu faffaɗan kai da jan dutse, ana hango su daga nesa, ga kwaruruka a gindinsu inda ruwan damina ke gangarowa. Idan aka matso Damagaram kuma sai manyan duwatsun nan masu santsi su bayyana, waɗanda suka yi wa unguwar Birni ƙawanya, wani bisa wani kamar da hannu aka jera su. Mai keke da ya bi ta ciki zai taka ƙasa iri uku kafin rana ta take, kowace kuwa da halinta.

Ta farko ita ce marmara da fako, watau ƙasa mai tauri ta kan tudu da gangarensa. A nan keke yake sakewa. Taya ba ta nutsewa, feda ba ta nauyi, sai dai tsakuwa ta riƙa girgiza hannu, a gangare kuma a kula da birki, domin ruwa yakan yanka ƙananan ramuka a tsakar turba waɗanda ba a gani sai an zo kansu. Ta biyu jigawa ce, ƙasar gero da wake. Ita ce abokiyar gabar mai keke. Inda shanu suka tattake ta, sai taya ta gaba ta nutse, kan keke ya karkace, mahayi ya dira ba shiri. Waɗanda suka saba suna da dabarunsu: su rage iskar taya kaɗan domin ta baje bisa yashi, su bi gefen turba inda saiwar ciyawa ta riƙe ƙasa, su matsa da jiki baya domin gaba ta yi sauƙi, kuma kada su daina taka feda ko da keken na tangaɗi. Sun fi son sammako, lokacin da sanyin dare bai saki yashi ba. Inda abin ya faskara, sai a sauka a tura, ba kuwa abin kunya ba ne. Dattijon da ya shekara talatin bisa sirdi ma yana sauka. Ta uku ita ce ƙasar kwari da bakin tabki, mai laka. Da rani tana da tauri kamar daɓe, sai dai sawun shanun da suka bi ta tana ɗanya ya bushe ya zama kududdufai, ya hana gudu. Da damina kuwa ba a ma fara ta.

Sai batun ƙaya, wanda shi ne harajin da kowane mai keke ke biya a wannan ƙasa. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya ana ganinsu, ana kauce musu. Wadda ba a gani ita ce tsaida, ƴar ciyawar nan mai kwanciya a ƙasa, wadda ƴaƴanta ke da tsini ta kowane gefe. Duk yadda ta faɗi, ɗaya tsinin na kallon sama. Ita ke huda taya sau biyu ko uku a tafiya guda. Ƙarangiya ba ta cika cutar taya ba, ƙafar wando da zani take bi. Saboda haka ba a fita babu famfo, da ɗan gam, da guntun tsohuwar roba ta faci. Waɗansu sukan yanka tsohuwar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa domin ta yi kauri. Keken ya ƙara nauyi, amma hankali ya kwanta. A kowane gari mai kasuwa akwai mai faci a gindin bishiya, da kwanon ruwansa na neman inda iska ke fita, kuma shi ne ya fi kowa sanin wace turba ce ta lalace bana, wace ce ta gyaru.

Lokacin tafiya ma Allah ya riga ya yanka shi. Daga kaka, bayan an cire amfanin gona, har ƙarshen ɗari, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin keke. Gonaki sun buɗe, rana ba ta da zafi, ga rake da rogo da kayan lambu a kwaruruka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka wanda ya taso daga Damagaram ya nufi Takeita tana tura shi daga baya, ya isa bai gaji ba. Ranar komowa ce zai biya bashin. Da bazara zafi yakan haura awo 40, tafiya sai da asuba ko bayan la'asar, kuma ruwan da aka ɗauka shi ke yanka nisan da za a iya yi.

Gandun dajin Takeita

Abin da ya bambanta Garagumsa da maƙwabtanta shi ne gandun dajin da ke dab da Takeita, mai faɗin hekta 6,720, wanda Turawan Faransa suka keɓe cikin shekarun 1950. Kada mai karatu ya ɗauka kurmi ne mai duhu irin na ƙasashen bakin teku. Dajin Sahel ne: geza da sabara da anza da kalgo da itatuwa masu ƙaya, inuwa tsilla-tsilla, sarari a tsakani. Amma ga wanda ya wuni yana tuƙi cikin gonakin da aka girbe, shiga cikinsa hutu ne. Iska takan lafa, kukan tsuntsu ya maye gurbin ƙarar mota, a yi ta haɗuwa da garken Fulani da na Buzaye, da mata masu neman itace da ganyen miya.

Tarihin dajin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ne amsar tambayar da za ta zo nan gaba take. Shekaru da yawa gandu ne na hukuma, talaka bai san kome a kansa ba sai tara. Ma'aikatan ruwa da daji ba su da yawan da za su tsare shi, jama'a kuma ba su ga dalilin da zai sa su tsare abin da aka ce ba nasu ba ne. Farin 1973 da na 1984 suka zo, aka sare itace, aka ci gefensa da noma, har ya zama dajin ya kusa komawa suna kawai a takarda. Cikin 1995 aka soma wani aiki na haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatar kula da muhalli da ƙungiyar SOS Sahel, wanda ya ɗauki kamar shekara biyar. Maimakon a ƙaro masu gadi, sai aka tara masu amfani da dajin gaba ɗaya, mazauna ƙauyukan kewaye da makiyaya masu wucewa, aka ce su zaɓi wakilansu, su tsara wa kansu dokokin kiwo da saran itace. Daga nan aka sami ƙungiyar da ake kira Ku Taya Ni, aka danƙa mata riƙon dajin. Abin da ya ba masana mamaki a lokacin shi ne shigar da makiyaya cikin shawara, mutanen da a da ake cewa ba a iya zama da su a teburi ɗaya tun da ba su zama wuri guda. Labarin Takeita ya shiga littattafan masu binciken daji a ƙasashen waje, ko da yake da yawa daga cikin ƴan Damagaram da ke wuce ta cikin mota ba su taɓa jin sa ba.

Kudu da gabashin nan kuma, wajen Matamaye da Magarya da Mirya, akwai wani dajin da babu wanda ya keɓe shi. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itace a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a faɗin kudancin Nijar wajen hekta miliyan 5 ne suka sake yin itace ta wannan hanya. Sarkin itatuwan kuwa shi ne gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani lokacin da kowa ke neman inuwa. Watau daidai lokacin keke ne gawo yake da ganye. Turbar da ta bi ƙarƙashin gawuna da hantsi cikin watan Janairu, babu injiniyan da zai iya shirya irinta da kuɗi.

Sawun fatake da kuɗin gyaɗa

Da yawa daga cikin turbobin nan sun girmi kwalta nesa ba kusa ba. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu cikin 1884 bayan ya kewaye Birni da ganuwa, garin zango ne babba tsakanin Agadas da Kano, da kuma tsakanin Barno da ƙasashen yamma. Ayarin raƙuma na gishiri da dabino, da fatake masu jakuna, da manzannin sarki, duk ta cikin ƙauyukan nan suke bi, daga rijiya zuwa rijiya. A Tirmini ne, a ƙarshen watan Yuli 1899, dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa da suka fito daga yamma, aka ci su da yaƙi, washegari birni ya faɗa hannun Nasara. Damagaram ta zama babban birnin ƙasar mallaka daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da mulki Yamai. Mai mota yana wuce Tirmini cikin minti biyu. Mai keke yana da sararin da zai tsaya, ya gai da dattawa a gindin bishiya, ya tambaya a nuna masa inda aka gwabza.

Keke kuwa da kuɗin gyaɗa ya cika ƙasar nan. Cikin shekarun 1950 da 1960, lokacin da gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kamfanin SONARA da aka kafa cikin 1962 yana saye, manomin da kakarsa ta yi kyau abu biyu yake fara tunani: aure da keke. Raleigh na Ingila shi ne sarki, ana shigo da shi ta Kano, a yi masa ado da roba mai launi da madubi biyu da ƙararrawa. Daga baya kekunan Sin irin su Phoenix suka zo da sauƙin kuɗi. Malamin makaranta da malamin gona da mai tallan magani da ɗan koli, kowa bisa keke yake kewaya ƙauyuka. Fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970 suka karya wannan arziki, amma kekunan suka saura, ana ta yi musu faci.

Abin da ya kawar da keke daga idon samari shi ne babur mai araha na ƙasar Sin, wanda ya mamaye kasuwa tun shekarun 2000, tare da man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Nijeriya ana sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya. Saurayi ya ga hawan keke ƙasƙanci ne, abin tsofaffi da ƴan makaranta. Sai dai babur yana da ciki, kullum sai an ba shi. Da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai cikin watan Mayu 2023, kwalbar ruwa-ruwa ta yi tsada a duk garuruwan kan iyaka. A jahar Difa ma, da aka hana hawan babur cikin 2015 saboda matsalar tsaro, jama'a sun ga amfanin abin hawan da ba ya shan kome. Keke yana ɗaukar bido biyu na ruwa, ko buhun gero idan za a tura, ko mara lafiya zuwa ɗakin magani, ba ya neman ko dala ta mai.

Yadda Turawa suka yi da nasu

A kudancin Beljiyam da arewa maso gabashin Faransa akwai wani yanki mai tuddai da dazuzzuka da ake kira Arden. Da masana'antu suka ja baya, aka rufe ƙananan hanyoyin jirgin ƙasa da yawa, hanyoyin bakin kogi da dawaki ke bi suna jan jiragen ruwa su ma suka zama kufai. Cikin 1995 hukumar yankin Waloniya ta ƙaddamar da shirin da ake kira RAVeL, ta mai da waɗannan matattun hanyoyi na masu keke da masu tafiya a ƙasa da mahaya doki, aka haramta wa mota da babur. Tsawonsu ya wuce kilomita 1,400. A Faransa an buɗe irin wannan hanya tsakanin Givry da Cluny cikin 1997, mai kilomita 44, sa'an nan cikin 2008 aka buɗe wadda ta bi bakin kogin Meuse daga Charleville-Mézières zuwa Givet, fiye da kilomita 80. Hikimar abin ita ce jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsauri, kogi ma haka, saboda haka hanyar da aka gada daga gare su tana ratsa ƙasa mai tuddai ba tare da ta wahalar da yaro ko tsoho ba. Ƙauyukan da suka yi shiru suka sami masu kwana da masu cin abinci, tsofaffin tashoshin jirgi suka koma masauki da wurin gyaran keke.

Ƙasar Damagaram ba ta da matacciyar hanyar jirgi. Abin da ta gada shi ne sawun ayari da burtali, su ma kuwa ba wauta ce ta shata su ba: jaki mai kaya ba ya son hawan tudu, raƙumi ba ya son tsakuwa, duka biyu suna son rijiya. Bambancin shi ne Turawa sun rubuta nasu a takarda, sun ce daga nan zuwa nan na jama'a ne, ba mai taɓawa.

Kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi

Nan ne matsalar take. Ba mota ce ke kashe turbar ƙauye ba, hauya ce. Jama'a na ƙaruwa, gona na rabuwa tsakanin magada, kowa na neman inda zai ƙara ko da taki ɗaya. Manomin da gonarsa ke bakin turba ya ƙara kunya ɗaya bana, na ɗaya gefen ya gani, shi ma ya ƙara baɗi. Ba wanda ya yi abin da za a kai shi gaban sarki, amma bayan shekara goma hanyar da amalanke ke bi ta koma ta mutum ɗaya, wani ya kafa shingen ƙaya, mai keke ya iso ya tarar da gero a gabansa. Daga nan ba shi da zaɓi sai kwalta. Abin da ke faruwa da turba shi ne ke faruwa da burtali, sai dai na burtali ya fi tsanani, domin idan garke ya rasa hanya gona yake shiga, abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani.

Doka ba ta yi shiru ba. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar da cewa burtali da mashaya dukiyar jama'a ce, ba a nome su, ba a sayar da su. A wurare da dama an kafa turakun siminti a gefen manyan burtulla. Amma ƙaramar turbar da ke kai yara makaranta ba ta cikin lissafin kowa. Aikin da take bukata ba mai tsada ba ne: mai gari da kwamitin filaye da masu gonaki su bi ta da ƙafa bayan girbi, a amince da faɗinta, a dasa kalgo ko magarya ko a jera duwatsu a iyakarta, a rubuta a ajiye a ofishin magajin gari. Inda ruwa ke yankewa a zuba marmara. Irin wannan aikin gayya ne ƙungiyoyin samariya suka saba yi a shekarun 1970 da 1980 da kwando da shebur, ba a jira kuɗin waje ba.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu tana da nauyi, duk hanyar da aka gyara wa keke an gyara wa babur, duk wadda aka buɗe cikin daji kuma an buɗe wa ɓarawon itace. A Turai allo da ɗan sanda sun isa su hana babur. A Garagumsa ba za a hana mai kabu-kabu ɗaukar mace mai naƙuda ta turbar da ta fi kusa ba, bai ma kamata a hana ba. Abin da za a iya yi shi ne a bar turba a yadda take, siririya, kada a faɗaɗa ta har kamiyon itace ya samu shiga. A cikin gandun daji kuwa, darasin 1995 yana nan: wanda zai ce ga inda za a bi, ga inda ba za a bi ba, su ne masu amfani da dajin, har da makiyayin da ke zuwa wata uku a shekara. Turbar da ake yawan bi da rana ma takan zama ido. Mai sara a ɓoye ba ya son inda ake wucewa.

Sauran tambaya ita ce wa zai yi yawon. Baƙin Turai da ke zuwa kallon Agadas da Tenere a da sun ɗauke ƙafa tun da aka shiga sace-sacen baƙi a yankin Sahel wajen 2010, kuma duk shirin da aka gina bisa jiran dawowarsu gini ne bisa yashi. Masu yawon suna kusa. Akwai ɗaliban jami'ar André Salifou da na makarantun sakandare na Damagaram, waɗanda da yawansu sun karanta yaƙin Tirmini a aji amma ba su taɓa taka wurin ba. Akwai ma'aikatan ofis da likita ya umarta su motsa jiki, suna kewaya filin wasa cikin ƙura. Malami ɗaya da yara ashirin, da famfo biyu da bido na ruwa, suna iya tashi ranar Asabar da asuba, iska na bayansu, su yi walaha a Tirmini, su kwana a makarantar wani ƙauye da izinin mai gari, Lahadi su ratsa daji su fito Takeita. Mai fura ta yi ciniki, mai faci ya yi, mai masa ta yi. Da la'asar a ɗaure kekuna bisa rufin motar kasuwa a komo gida, domin Litinin akwai aji, iskar hunturu kuma ba ta yarda a komo da feda ba.